Takun Baba da Tef ɗin Masoyina

"Buhu sha biyu? Kai yaro, daɓen shago za ka yi ko na akurkin kaji?"

"Baba, wallahi da tef na auna. Tsawo da faɗi da kaurin inci huɗu, sha biyu ya isa har da ɗan rara..."

"Sha takwas na ce!"

Ina tsaye tsakaninsu da kofin ruwa a hannu, na rasa wa zan miƙa wa. Wannan mahaifina ne, tsohon maginin da rabin gidajen unguwarmu suka fito daga hannunsa. Wancan kuma wanda zuciyata ta zaɓa ne, shi ma magini, ina tsokanarsa da Ɗan Tef don ko zance zai zo sai da abin awonsa a ƙugu. Duk rigimar nan fa a kan kankaren daɓen ɗan shagon ɗinkina ne da ke ƙofar gida.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Auta, ki ji da kyau. Wanda ya kasa lissafin simintin shago, ta ina zai iya riƙe gida? Kankare ya yanke ana tsakiyar zubi, daɓen ya tsage, to maganar aurenku ma ta tsage!"

Na ja Ɗan Tef gefe.

"Haba masoyina, ka ce sha takwas ɗin mana, me zai ragu a jikinka?"

"Sanyin idona, in yi wa Baba ƙarya tun ban shigo gidansa ba?"

"To wa ya yi kuskure a cikinku?"

"Ni ma kaina ya kulle. Sau nawa ina sake lissafin, yashi da tsakuwa duk na saka. Baba kuma bai taɓa kuskure ba, kowa ya sani."

Ni dai na shiga uku. Ranar ko zare na kasa zura wa allura.

Washegari da hantsi na leƙo na tarar da Baba shi kaɗai a shagon, yana aunawa yadda ya saba tun yana saurayi, wato da taku. Yana ɗaga ƙafar dama, ta hagu tana biyo baya a jaye, kamar yadda take tun shanyewar ɓarin jikin da ya yi bara. Wajen da a da zai haye da taku huɗu, yanzu sai ya yi kusan biyar, kuma duk yana ƙirgawa a bakinsa.

Wayyo Allah! Na toshe baki na koma ciki ina kuka. In faɗa masa, na karya masa zuciya. In yi shiru, na rasa masoyina a kan laifin da bai yi ba.

Na kira Ɗan Tef na faɗa masa cikin shesshekar kuka.

"Sha takwas zan kawo," ya ce a hankali.

Ranar zubi Baba ya zauna a kan benci yana ba da umarni, baro na shiga yana fita, shebur na ta kai-kawo. Kafin azahar daɓe ya kwanta sumul. A jikin bango kuwa ga ragowar buhuna a jere, ko ɓarkewa ba a yi ba.

Baba ya daɗe yana kallonsu. Ɗan Tef ya yi saurin cewa, "Baba, ai ƙasar ce ta fi tudu..."

"Rufe min baki. Zo da tef ɗin nan."

Ya miƙe da ƙyar, ya ajiye sandar, ya yi taku ɗaya. "Auna min."

Ɗan Tef ya durƙusa a gaban ƙafafunsa. Ya auna, amma ya kasa ɗago kai.

"Baba..." na ce.

"Ashe shagon bai ƙaru ba, Auta. Ni ne na ragu." Ya share ido da bakin hannun riga, sannan ya dafa kafaɗar wanda ke durƙushe. "Ashe ka sani, amma ka rufa min asiri. Tashi ɗana, riƙe ni mu shiga ciki. Ka ce wa manyanka su zo."