Tambayar Da Na Rubuta Da Alli

“Sa hannu kawai, 'yata. Kowa ya sa, ke kaɗai kika rage.”

Manaja ya turo min takarda da biro yana murmushi. Mu arba'in ne a kan kekuna a masana'antar ɗinkin nan, kuma duk “'ya'yana” yake ce mana. Uban da ya hana mu magana a bakin aiki, ya kafa mana kyamara har wurin shan ruwa!

Na karanta abin da ke cikin takardar...

Wai Injiniya, mai gyaran kekunanmu, shi ya lalata injin yanka da gangan, har injin ya datse wa abokiyar aikinmu yatsu biyu. Injiniyana! Wanda saura wata biyu aurenmu. Wanda sau uku yana rubuto wa ofis cewa injin nan zai ci hannun mutum.

“Ranka ya daɗe, ban ga ya yi ba.”

“Ba sai kin gani ba. Maƙiya ne daga waje suke juya shi, so suke a rufe wurin nan ku rasa abinci. Ga shi ke nake shirin bai wa shugabancin layi...” Ya sassauta murya. “Don ina tausayinki zan gaya miki. Shi fa cewa ya yi ke kika taɓa injin.”

Sakatariyarsa, wadda ta daɗe tana yi wa Injiniya fari da ido yana kau da kai, ta taɓe baki. “Da kunnena na ji, wallahi.”

“Zuwa gobe,” in ji Manaja. “Kuma kar kowa ya ji. Tsakanin uba da 'ya ne.”

A gida ma ban tsira ba. Yayana, direban Manaja, ya tare ni tun daga ƙofa.

“Auta, ki sa hannun nan! Kan wani mai spana za ki jawo mana kora mu biyu?”

“Dama auren nan bai kwanta min ba,” in ji Umma tana share hawaye.

Na kira Injiniya sau tara, bai ɗauka ba. Sai saƙo: “Na ji komai. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

Na yi kuka kamar raina zai fita. Ina son sa, kuma a ranar na tsane shi.

Washegari ina taka keke, zuciyata tana tafasa. In kowa ya sa hannu, me zai yi da nawa? In gaskiya ce, ɓoyon na mene ne? Kai, ni fa ba a mai da ni sakarya!

Aikinmu layi ne. Ni nake fara riga, ta bi hannu-hannu har wurin Doguwa mai guga. Wadda ta ga kuskure sai ta ja alli a cikin rigar, a dawo min da ita a kwandon gyara. Na juya wata riga, na rubuta: “In ba ki sa hannu ba, ja layi.”

Na tura ta gaba.

Kafin hutun rana Doguwa ta dire min kwandon, ko kallona ba ta yi ba.

Na buɗe rigar. Layi talatin da takwas! Ban da ni da wadda injin ya kai asibiti, ba wadda ta rage.

Na kashe kekena na miƙe tsaye.

“Wa aka ce wa ita kaɗai ta rage?”

Sai Doguwa ta ɗaga hannu. “Ni. Har da shugabancin layi.”

“La! Ni ma!”

“To layin nawa ne da za mu shugabance shi duka?”

Dariya ta ɓarke. Manaja ya sauko fuska a murtuke.

“'Yata, shaiɗan ne yake...”

“Ubana ɗaya ne, ranka ya daɗe, kuma bai taɓa sa ni ƙarya ba.”

“Na kore ki!”

“Na ji. Amma ba zan sa hannu ba!”

Keke ɗaya ya mutu, sai na biyu, sai duka. Ban taɓa jin ɗakin nan tsit haka ba. Muka fito gaba ɗaya, Manaja yana ta kiran sunayenmu, ba wadda ta waiwaya.

A bakin ƙofa na ga Injiniya, ashe tun jiya aka kore shi, ya zo ɗaukar akwatin kayan aikinsa. Ya rame cikin kwana ɗaya.

“Sakatariya ta ce min ke kika fara sa hannu...”

“Kuma ka yarda!”

“Ke me aka ce miki?”

“Wai ka ɗora min laifin.”

“Kika yarda?”

Na sunkuyar da kai. “Na yarda, na kwana ɗaya.”

Idanunsa suka kawo ruwa. “Ki yafe min, sahibata. Da na ɗauki wayar nan...”

“Daga yau, duk wanda ya ce maka na ce, ka zo ka tambaye ni.”

“Na yi alkawari, abar ƙaunata. Amma yanzu ba ni da aiki, ke ma haka. Su Umma ba za su ba ni ke ba.”

Gyaran murya muka ji a bayanmu. Yaya ne, ashe tun ɗazu yana tsaye yana kallon komai. Ya miƙa wa mai gadi makullin motar Manaja, sannan ya dubi Injiniya.

“Takardun nan uku da ka rubuta, kana da kwafinsu?”

“Ina da su, Yaya.”

“To kawo, ofishin masu binciken masana'antu za mu kai. Umma kuma ka bar ni da ita. Ranar aurenku ba za ta matsa ko da kwana ɗaya ba!”