Wayar da Ke Ƙarƙashin Kujerar Baba

Ranar da Mai gyara ya fara shiga shagon buga takardu, ya tarar da Auta a gaban kwamfuta, idonta jawur. Shagon na babanta ne, ita ke buga wa mutane aiki.

"Ina cikin aiki sai fuskarta ta yi shuɗi ta mutu," in ji ta. "Shafi goma na rasa yau."

Ya zare wayar intanet daga bayan kwamfutar, ta zauna lafiya. Ya mayar. Baba ya shigo ya zauna a kujerarsa, nan take kwamfutar ta ɗauke. Mai gyara ya bi wayar da hannu, ya ga ƙafar kujerar ta latse ta har ta huda robar. Aikin minti biyar ne. Sai ya kalli Auta, ya haɗiye maganar.

"Matsalar babba ce. Sai na dawo gobe."

Ya dawo gobe, ya dawo jibi, har sati uku, yana kwance wannan yana goge wancan. Saƙonni suka fara.

"Autata, kwamfutarki ta fi ni hankali, ta san inda ya kamata in wuni."

"Sarkin surutu, kai dai ka gyara. Amma ka zo da wuri."

Baba ya gaji. A gaban mutane ya ce, "Ke kike kashe ta da gangan don wannan mai sukundireban ya riƙa zuwa!" Ta rantse, ya mare ta, ya ce kada ta sake taka shagon.

Ta rubuta wa Mai gyara: "Wallahi ban taɓa komai ba. Baba ya kira ni maƙaryaciya. Ka nemo abin, ka wanke ni."

Washegari ya je, ya ɗaga kujerar a gaban Baba da mutanen da ke shagon.

"Baba, ga matsalar. Tun ranar farko na gan ta. Ni ne maƙaryacin, ba Auta ba."

Ya sa sabuwar waya, ya bi da ita jikin bango. Kwamfuta ta wuni ba ta mutu ba. Baba ya nuna masa ƙofa.

Da Auta ta ji, ba ta yi kuka ba, ta kira Mai gyara a waya.

"Sati uku ina sake buga aikin mutane, kana tsaye kana kallo. Har mari na sha."

"Don ina sonki ne."

"Son kanka dai."

Wata huɗu yana turo saƙo, ba amsa. A gida kuma ba ta haɗa ido da Baba, gaisuwa ce kawai. Baba ya san ya zalunce ta, amma bakinsa ya kasa furta haƙuri. Abin da ya iya shi ne ya ce, "In har kina son ɗan banzan nan, ya turo magabatansa."

Ta daɗe tana tunani. Cikin maza biyun da suka cuce ta, ɗaya ne ya tsaya a gaban mutane ya ce shi ne mai laifi. Ta rubuta masa: "Ka turo."

Aka ɗaura aure. Baba ya dafa kanta, ya ce: "Allah Ya yi muku albarka. Kujerarki na nan a shago."

Da aka watse, ango ya ce, "Autata, kin yafe?"

"Rabi. Sauran sai ka nema a hankali."

Allah Ya ba shi tsawon rai ya samu, Ya zaunar da su lafiya.