Kumfar Shayin Malam Dalhatu

Da hantsin wata Asabar, Inna Balaraba tana zaune a tsakar gidanta a Gummi tana tsinkar zogale, sai matar ɗanta, Hure, ta zo wucewa da kofin shayi a kan faifai za ta kai wa mijinta zaure. Inna ta ce ta tsaya. Ta leƙa kofin, ta ga farar kumfa ta taso har baki, kaurinta ya kai yatsa biyu.

"Mi ne wanga?"

Hure ta durƙusa, ta ce shayin Malam ne.

"Na san shayi," in ji Inna. "Ban taɓa ganin wanda ya naɗa rawani ba."

Asalin rawanin ba wani abin tsoro ba ne. Dalhatu, ɗan Inna, malamin firamare ne. Da aka tura shi koyarwa Adabka ya ga Hure tana tallar nono a bakin makaranta, ya sha fura wata bakwai, alhali fura ba ta karɓe shi ba, har Allah ya yi auren. Inna ba ta hana ba, ba ta kuma yi guɗa ba. A shekarar da madarar gwangwani ta ɓace daga kantuna, dangin Hure da ke rugar bayan gari suka riƙa kawo mata madarar shanu kowace safiya. Sai Dalhatu ya tuna wata dabara da ya gani wajen kukun wani malaminsu Ba'indiye a kwalejin horon malamai ta Sakkwato. Ya saki labule, ya kunna risho, ya ɗumama madarar ba tare da ta tafasa ba, ya juye a kofi mai zurfi, ya ɗauki maburgin miya yana murzawa tsakanin tafukansa.

Hure ta yi dariya har da hawaye. Ta ce tun tana shekara bakwai take burga nono, ba ta taɓa ganin an riƙe maburgi kamar biro ba. Ta karɓa, kafin ya gama kare kansa kumfa ta taso. Ranar ya roƙe ta abu ɗaya: kada kowa ya ji cewa shi, ticha guda, ya riƙe maburgi a ɗakin matarsa. Ta yi masa alkawari tana dariya.

Inna kuwa ta fara tara hujjoji. Dalhatu ya daina tsayawa majalisa bayan an tashi makaranta. Ya sayo wa Hure atamfa ba salla ba biki. Mafi muni, ana jin dariyarsa daga ɗaki, abin da mahaifinsa bai taɓa yi ba a shekara talatin na aure. Wata safiya ta leƙa ta gefen labule, ta ga Hure tana murza maburgi bakinta yana motsi. Waƙar tatsar shanu take yi da Fillanci, amma Inna ba ta jin Fillanci. Ta kwashi sauran shayin a kwalba ta kai wa Malam Tsoho, mai duba a bayan kasuwa. Tun da ake, ba a taɓa kai wa mutumin nan ruwa ya ce ruwa ne ba. Ya sunsuna, ya girgiza kai, ya ce mallaka ce, mai ƙarfi kuwa, da an ƙara wata ɗaya da yaron ya manta sunan uwarsa.

Bayan la'asar Inna ta tara su a tsakar gida. Matan maƙwabta suka tuna duk a lokaci ɗaya cewa suna bukatar aron turmi, abokan Dalhatu biyu kuma suna zaure sun kasa kunne. Dalhatu ya yi bayani iyakar iliminsa, ya ce burgawa ce kawai, babu abin da ake sakawa. Inna ta ce shekara arba'in tana burga miya, ba ta taɓa sakin labule don haka ba.

"Ke, ɗiyar ruga. Wa ya koya miki? Don mi a ka ɓoyewa?"

Hure ta sunkuyar da kai. A gidansu ba a musu da suruka, kuma ga alkawari. Ta ɗan ɗago ta dubi mijinta sau ɗaya. Amsar duka kalma biyu ce, ni ne, kuma tana bakinsa. Ya dubi zaure, ya dubi matan turmi, ya shiga gyara agogonsa.

Inna ta fashe da kuka, ta ce ya zaɓa, in Hure ta kwana uku a gidan nan ba ta yafe masa ba duniya da lahira. Dalhatu ya shiga ɗaki ya rubuta saki ɗaya. Rubutunsa mai kyau ne, kowa ya sani.

Ranar kasuwa Hure ta ɗaure kayanta. Ba ta yi wa kowa kuka ba, idanun ne dai suka kumbura. Ta durƙusa ta sallami Inna kamar yadda ta saba gaishe ta. A zaure Dalhatu ya tsaya yana neman abin faɗi, ita ta riga shi.

"Malam, ka riƙa sauke madarar kafin ta tafasa. In ta tafasa ba ta kumfa."

Ta shiga motar Bukkuyum, ta nufi gidansu a Adabka.

Dalhatu ya rame, wando ya fara neman igiya. Inna ta ce asirin ne ke fita. Ya koma majalisa, ya daina dariya, gida ya dawo daidai yadda Inna ta san gida. Sai da idda ta rage kwana goma sha biyu, bayan ta cika kuwa sai da sabon aure in Hure ta yarda, sannan ya hau babur ya nufi Adabka cikin laka.

Baffa Namadi, mahaifin Hure, ya shimfiɗa masa buzu, aka kawo nono, aka yi gaisuwar da ta ci rabin awa. Sannan tsohon ya ce, cikin sanyin murya, wata biyu da rabi ɗiyarsa ba ta faɗi laifin kowa ba. Amma labari ya riga ta isowa. A kasuwa an daina sayen nonon uwarta, ana cewa 'yan rugarsu magani suke sawa, ƙannenta mata biyu kuma masu nemansu sun ɗauke ƙafa.

"Ba mu hana ka matarka ba, Malam. Amma a gaban mutane an ka ɓata ta. In kana da abin faɗi, can za ka faɗe shi, ba nan bisa buzu ba."

Ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci, Dalhatu ya fito da risho ƙofar gida. Ya ɗumama madara a gaban dattawan unguwa, ya ɗauki maburgi, ya murza har kumfa ta taso. Ya ce shi ya koya wa matarsa, shi ya ce ta ɓoye, ya kuma sake ta don tsoron a yi masa dariya. Aka yi masa dariyar, ba a rage komai ba. Daga cikin zaure Inna ta ce to ga shaida nan, har maburgi an sa shi riƙo. Sai yayanta, Kawu Muntari, ya karɓi kofin ya shanye, ya goge gashin baki.

"Balaraba, in wanga ne asirin, a ƙaro mini sukari. Yarinya kun zalunce ta, ke da zato, shi da shiru. Gobe ni za ni biko."

Hure ta dawo idda saura kwana huɗu. Inna ba ta ba da haƙuri ba, ta dai ce Malam Tsoho ya tsufa, idonsa ya fara rauni. A shekarunta na ƙarshe kuwa, da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ba ta yarda kowa ya juya ta sai Hure. Dalhatu ya ci sunan Malam Maburgi har ya yi ritaya, ɗalibansa ma da shi suka san shi.

Ranar da Hure ta dawo ya ce mata sori, sannan ya ga kalmar ta yi ƙarama, ya ce ta yafe masa don Allah.

"Na yahe, Malam," in ji ta, tana jera ƙorenta ba ta waiwayo ba. "Tun ranar nan ma dariya ce kawai za a yi maka. Ita ɗin ce dai an ka yi."

Haƙurin Hure ya biya ta: ta sami sunanta, ta sami ɗakinta, ta kuma sami mijin nan dai da ta bari. Samari su lura. Mai zato yana iya cewa bai sani ba. Wanda ya san gaskiya ya yi shiru don kada a yi masa dariya ba shi da wannan uzurin, kuma matar da ta yafe masa ba dole ba ne ta manta ranar da ta dube shi yana gyara agogo.