Banish Don Ɗakin Gimbiya

Auta na jera gwangwanaye a shagon fentin Babanta sai wani kafinta ya shigo, dogo, garin katako ya yi masa fari a gira.

"Banish nake nema, wanda ba zai cutar da Gimbiya ba," in ji shi. "Ɗaki nake haɗa mata na katako. Wancan fentin da na shafa, warinsa ya hana ta cin abinci."

Auta ta sauko masa da banish mai haɗin ruwa, irin wanda ake shafa wa katako ya yi ƙyalli. "Wannan ba shi da ƙarfin wari, kuma laima ba ta ratsa shi. Amma ka bar shi ya sha iska sosai kafin ta shiga."

Ya karɓi lambarta, wai ko tambaya za ta taso. Tambayoyi kuwa suka yi ta tasowa.

"Malamata, ya bushe, amma hancina bai yarda ba. Ko in zo ki duba min hancin?"

"Kafinta, ka ƙara haƙuri. Ba a gaggawa da banish."

"Da ke fa?"

Ta daɗe tana murmushi, sannan murmushin ya gushe. Ita fa wannan Gimbiyar? Amaryar da zai aura ce, ba shakka. Wa ake ƙawata wa ɗaki haka? Ta daina amsa saƙonsa, ta koma cin abinci kamar ana mata dole.

Da Baba ya matsa mata, ta faɗa masa komai tana hawaye. Ransa ya ɓaci.

"Yana shirin aure yana wasa da hankalin 'yata? Ba zai sake taka min shago ba." Ya zura takalmi ya nufi wajen aikin kafintan.

Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Can sai ga Baba ya dawo yana share ido da hannun riga. Gabanta ya faɗi, kafin ta gane dariya ce ta sa shi hawaye.

"Na ga Gimbiya, Auta. Tana kwance a sabon ɗakinta tana cin ganye. Kunkuru ce."

"Baba, kunkuru?"

"Ta marigayiya mahaifiyarsa. Ita kaɗai ta bar masa mai rai." Ya zauna, muryarsa ta yi laushi. "Wanda ya tsaya zaɓar wa kunkuru banish don kada ta wahala, ban jin zai wulaƙanta mutum."

Ajiyar zuciyar da Auta ta sauke har kafaɗunta sai da suka saki. Ta jawo waya ta kira kafintan.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Tsoro nake ki yi min dariya, Malamata."

"Ai kuwa ina yi."

Bayan watanni aka ɗaura aure. Da za ta bar gida, Baba ya dafa kanta, ya rasa doguwar nasihar da ya shirya.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "In abu ya dame ki, ki tambaye shi."