Alamar Tauraro a Ɗakin Kati

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Wannan a bakin Gwaggo Rakiya na ji, lokacin tana aiki ɗakin kati na wani asibiti.

Ranar Juma'a ce, maza sun tafi masallaci, ita kaɗai gaban kwamfuta. Ɗanta na fari yana kwance ɗakin yara na asibitin, kwana shida zazzaɓi ya ƙi sauka. Haladu sunansa, amma kun san alkunya, ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗa ba. Babangida take ce masa.

Sai ga wani tsoho a taga. Bai yi sallama ba.

"Yaro nake nema," in ji shi.

Bakinsa na gabanta, amma muryar daga bayan ƙeyarta ta fito.

"Sunansa, Baba?"

"Farkon kawai na ji ranar suna. Ha. Guɗa ta cinye sauran."

"Da wannan ba a nema."

"Ana yi. Sa tauraro."

Dabarar ma'aikata ce. In ka rubuta farkon suna ka bi shi da alamar tauraro, na'urar za ta zubo duk sunan da ya fara haka. Ba ta san inda tsohon ya koya ba. Hannunta dai ya danna.

Suna biyar suka fito, duk na yaran da ke kwance.

"Karanta. In na ji zan gane."

Ta ce Habu. Ya girgiza kai. Ta ce Hafizu. Ya sake girgiza kai. Fankar sama ta tsaya ba a ɗauke wuta ba.

Na uku Haladu ne. Ta tsallake, ta ce, "Halliru."

Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Amma wannan ma ya yi."

Ya juya ya nufi ɗakin yara.

Kafin la'asar zazzaɓin Babangida ya sauka, har ya nemi koko. A gadon kusa da shi wata mata ta rufe fuskar ɗanta da zane. Gwaggo ce ta ciro katin Halliru ta buga masa hatimin rasuwa. Ta ce min ba ta ji komai a ranta ba, har yau ma ba ta ji.

Babangida ne ya kawo ku makaranta da mota ɗazu. Kada wanda ya gaya masa.

In kuka girma kuka samu aiki, ban da zama ofis ku kaɗai ranar Juma'a. Wanda kuma ya zo da rabin suna, ku bar shi da rabinsa.