Jan Hannun Agogon Inji

Insifekta Andani bai ko cire hularsa ba aka shigo masa da labarin gawa a unguwar Sakasaka ta Tamale. Tun da Turawa suka sauke tutarsu aka ɗaga ta 'yancin kai mai baƙin tauraro, manyan hafsoshi suka watse, aikin mutum uku ya taru a wuyansa. Ya dubi shayin da ya huce a kan tebur, ya sauke numfashi, ya hau kekensa.

A garejin Alhaji Mutari ya tarar da mamacin kwance gefen wata tsohuwar lori, an rufa masa zane. Imoru ne, bakaniken garejin. Ƙeyarsa ta bugu da gefen ƙarfen motar.

Alhaji Mutari tsohon soja ne, irin wannan lori ya tuƙa a yaƙin Bama. Da aka yi gwanjonta ya saya, ya bi ta yana gyara har ta koma kamar yadda ya san ta.

"Me aka ɗauka, Alhaji?"

"Agogon inji, ranka ya daɗe. Mai nuna yadda inji ke juyawa. Shekaru ina neman na asali, sai kwanan nan na samu. Imoru ne ya ɗaura shi da hannunsa."

Andani ya hau wurin direba da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. A allon gaban sitiyari, tsakanin agogon gudu da na mai, rami ne zagayayye. An kwance notunan a tsanake, an jera su a kan kujera. Batir na nan, tayar ko-ta-kwana na nan. A bakin ramin kuwa, inda kwano ya yi kaifi, jini ya bushe.

Ya sauko ya duba hannayen mamacin. Babu yanka ko ɗaya.

"Wa ke tuƙa ta?"

"Fatawu. Jiya ya dawo da goro daga Kumasi."

Aka kira Fatawu. Dogo ne, idanunsa sun yi ja don rashin barci, hannayensa cikin aljihun riga.

"Yaushe ka bar garejin?"

"Ina sauke kaya na wuce gida Moshi Zongo, Ofisa. Ban sake leƙowa ba sai yanzu."

"Agogon yana nan lokacin?"

"Yana nan lafiya lau."

Andani ya gyaɗa kai, ya sallame shi. Ya daɗe da sanin cewa ƙarya ba ta son a kore ta da gudu.

Rana ta take lokacin da ya isa rumfar Zubeiru mai kayan gyaran mota, wanda ya sayar wa Alhaji agogon.

"Wani ya kawo maka agogo yau?"

"Ko kusa. Tun da na sayar ban sake jin zancensa ba."

Andani ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya cire takalmi ɗaya yana murza ƙafa.

"Zubeiru, na gaji. Kai kaɗai ka san darajar abin nan a duk Tamale. In na koma caji ofis hannu wofi, sunanka za su ambata, ni kuma ba ni da ƙarfin musu."

Zubeiru ya matso kusa da shi.

"Ba a kawo mini ba, wallahi. Tambaya aka zo yi."

"Wace tambaya?"

"Agogon yana da hannu biyu, baƙi da ja. Baƙin yana hawa yana sauka tare da inji. Jan kuwa, in baƙin ya tura shi, inda ya kai nan yake tsayawa. Ba ya komawa sai da ɗan makulli, kuma makullin yana wurin Alhaji. Jiya da daddare Fatawu ya zo yana roƙo ko ina da wani."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Ɗan unguwarmu ne, ranka ya daɗe."

Andani ya koma garejin, ya ja Alhaji gefe.

"Me ka gaya wa direbanka ranar da aka ɗaura agogon?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Na ce duk ranar da jan hannun ya wuce jan layi, ya ajiye mini makullin mota. Injin ya tsufa, ba ya ɗaukar wahala."

Fatawu na zaune ƙarƙashin bishiyar dalbejiya tare da masu zaman makoki. Insifekta ya yafito shi bayan lorin, inda babu idon jama'a.

"Fito da hannunka na dama."

Fatawu ya fitar da shi daga aljihu. Tsumma ne ɗaure a tafin, jini ya ɓullo ta ciki.

"Ina agogon?"

Fatawu ya jingina da jikin motar, ya zame har ƙasa.

"Yana cikin rijiyar bayan gareji."

"Faɗa mini yadda aka yi."

"Jirgin fito na Yeji ne, Ofisa. In ka rasa na ƙarshe, a bakin ruwa za ka kwana, goro ya lalace, kai ne da laifi. Sau nawa na kwana can sauro na cina. Wannan karon na ce ba zan kwana ba, na taka mota. Na samu jirgin. Da na duba, jan hannun ya wuce layi ya tsaya yana kallona har Tamale. Na rufe shi da tawul muka sauke kaya."

"Sai ka dawo da asuba."

"Cire shi kawai na zo yi, a ce ɓarayi ne. Imoru ya shigo da butarsa, ya gan ni. Ya riƙe rigata, ya ce shi ya ɗaura shi, ba zai bari a ce aikinsa ne ya ɓace ba. Na ture shi. Turewa ɗaya ce, wallahi. Shi ya koya mini tuƙi."

Andani ya ciro ankwa, ya juya ta a hannu, ya ɗaura masa a hankali don kada ta taɓa ciwon. Alhaji Mutari ya tsaya nesa, ya kasa dubansu.

Sun kai bakin titi Fatawu ya tsaya.

"Ofisa, don Allah kada mu bi ta kasuwa. Tsohuwata tana sayar da koko a bakin hanyar."

Hanyar baya ta fi nisa, ga rana, ga gwiwa. Andani ya dubi titin kasuwa, ya dubi mutumin. Ya cire rigarsa ta sama ya yafa a kan ankwar, ya kama kekensa da hannu ɗaya.

"Mu je," ya ce, suka karkata ta bayan gari.