Tsohuwar Taya a Bayan Motar Alhaji

Ranar da Karima ta fara tsayawa a rumfar facin Nuraddeen, can bakin hanyar Maine a garin Diffa, ba soyayya ce ta kawo ta ba. Babanta ne, Alhaji Nasidi, Badamagare mai fataucin tattasai, ya sayo sabbin tayoyi da ƙarafunansu, ya ce ta kai a ɗaura wa tsohuwar motarsa.

Nuraddeen ya ɗago kai ya ga wadda ta fito daga mazaunin direba, sai sifanar da yake kwance ƙusa da ita ta suɓuce masa. Kai, so ba ya sallama!

Da ya gama ɗaurawa, ya ɗauko wata 'yar na'ura yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kuma fa? Addu'a kake yi musu?" in ji Karima.

"Gabatar da su nake, 'yar Alhaji. Kowace taya da sensa a cikinta, ita ke gaya wa mota yawan iska. Motarku tsofaffin ta sani. Ki ɗan yi tafiya a kwalta, in ta saba da baƙin, fitilar nan ta gabanki za ta mutu."

"To in ba ta mutu ba?"

"Sai ki kira ni," ya ce, ya karanto mata lamba tun kafin ta tambaya.

Tsofaffin tayoyin kuwa, Alhaji ya turo amalanke aka kai masa gida.

Fitila dai ta ƙi mutuwa, waya kuma ta ƙi yin shiru.

"Malam mai faci, fitilarka tana nan tana hararata."

"Ƙyale ta, Karimata, kishi take. Ta ga na fi kulawa da direba."

Haka suka yi ta yi, yau a kawo mota, gobe a kawo dabino. Ya ba ta labarin garinsu, Damasak, da yadda ya ƙetaro kogin Komadugu gudun hijira yana yaro, riƙe da hannun innarsa. Ita kuma ta ba shi labarin gidansu na Bosso, da shanyar tattasai ja wur a bakin kogi, da mahaifiyarta Ya Fanna, Allah ya jiƙanta.

Da maganar aure ta kai kunnen Alhaji, sai ya haɗa rai.

"Wa ya san asalinsa? Fitila guda ta gagare shi, shi ne zan damƙa masa 'ya?"

Zaidu, ɗan ƙanen Alhaji, wanda ya daɗe yana neman Karima ba ta ko kallonsa, ya samu abin da yake nema.

"Baba, ai ba gagara ba ce. Sensocin ya cire ya sayar. Mutanen ƙetare ne fa."

Magana ta zaga kasuwa kafin la'asar. Karima ta rasa inda za ta sa kanta, ta rubuta masa:

"Nuri, don Allah faɗa mini gaskiya. Ka taɓa su?"

Ya karanta saƙon, ya amsa:

"Kowa ya tambaya ba zan ji ciwo ba. Amma ke?"

Daga nan wayarsa ta yi tsit. Karima ta yi kuka har ta gode Allah. Wallahi zato zunubi ne, ga shi ya raba mutum biyu da ba su yi wa kowa komai ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci, Nuraddeen ya zo ƙofar gidan Alhaji, ya durƙusa.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Sunana nake so a wanke. A bar ni in sake duba motar a gabanku."

Alhaji ya miƙa masa makulli. Karima tana laɓe a zaure.

Nuraddeen ya bi tayoyin da na'urarsa, duka suka amsa lafiya lau. Yana wucewa ta bayan motar sai na'urar ta sake yin ƙara. Ya tsaya cak.

"Baba, in buɗe but?"

Alhaji ya gyaɗa kai.

A ciki, ga tsohuwar taya guda, ta sha faci har ba wurin sabo, an lulluɓe ta da zane mai ruwan bula. Karima ta gane zanen, ta toshe baki. Na Ya Fanna ne.

Alhaji ya zauna a kan dakali, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ranar da rikici ya koro mu daga Bosso, ƙaya ta huda ta. Ina tuƙi, in ta sace sai Fanna ta sauka ta yi mata famfo da hannu. Ina cewa ki bari in yi, tana cewa kai dai riƙe sitiyari, yara na ciki. A haka muka iso Diffa. Ban taɓa hawa motar nan ba tare da tayar nan ba, shi ya sa na sa ta a baya."

Nuraddeen ya sunkuyar da kai.

"Tayar nan ce motar ke saurare, Baba. Tana jin tsohuwar tana cewa ba iska, shi ya sa ta kasa karɓar sabbin. Ni ma famfon babana yana rataye a rumfata. Ya lalace tuntuni, na kasa yar da shi."

Alhaji ya dube shi, irin kallon da bai taɓa yi masa ba.

"To yanzu yar da ita za a yi?"

"Haba, Baba! A dai samar mata wuri a gida."

Su biyu suka ɗauke ta, suka jingine ta a gindin dalbejiyar tsakar gida, inda Ya Fanna ke shimfiɗa tabarma. Sannan Alhaji ya bar wa Nuraddeen tuƙi, ya shiga gaba, ya ce wa Karima, "Ke kuma da kike laɓe, shigo baya."

Suka hau kwalta, suka nufi wajen Assaga. Iskar kogi ta shigo da ƙamshin ɗanyen tattasai. Can sai fitilar ta yi ƙifta, ta mutu.

Alhaji ya share ido da bakin rawani.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini. Ka ce wa innarka ta turo manya."

Kafin su koma gida saƙo ya shiga wayar Nuraddeen daga kujerar baya:

"Ni fa, Nurina? Ka yafe?"

Ya dubi madubi, ya yi murmushi, ta rufe fuska da mayafi.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Zaidu ma ya zo, kunya ta sa shi raba goro da hannu biyu. Da za a kai amarya, Alhaji da kansa ya buɗe but, ya shimfiɗa zanen nan mai ruwan bula, ya ɗora akwatin Karima a kai.

"Uwarki ta raka ni har Diffa," ya ce. "Yau ke za ta raka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙe juna yadda ta riƙe ni."

Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa, mota ta tashi.